Wayar da Ke Cewa "Tashi Ka Yi Karatu": Me Take Iyawa, Me Ya Fi Ƙarfinta?

A shekarun 1920 wani malamin ilimin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, Sidney Pressey, ya ƙera wata na'ura mai kama da tafireta. Tana nuna wa ɗalibi tambaya da amsoshi huɗu, shi kuma ya danna maɓallin wadda yake ganin ita ce daidai. Har wani ɗan ƙarin sashe ya haɗa mata da ke sako alawa idan ɗalibi ya ci adadin tambayoyin da aka yanka masa. Na'urar ba ta yi kasuwa ba. A 1953 kuma B. F. Skinner na Jami'ar Harvard ya ziyarci ajin lissafin 'yarsa, ya ga yara suna aiki amma sai an jima suke sanin ko sun ci ko sun faɗi, shi ma ya koma ya ƙera tasa na'urar koyarwa. Aƙidarsa ita ce ɗabi'a tana bin lada: abin da aka saka maka a kansa nan take, za ka sake yin sa.

Wannan aƙida ce yau take zaune a aljihun kowane ɗalibin jami'a, cikin sigar maki, lambobin yabo, jerin gwanaye da saƙonnin tuni. Masana na kiran haka fasahar jan ra'ayi, wato manhajar da aka tsara da gangan don ta sauya abin da mutum ke yi ba tare da an tilasta masa ba. Wanda ya mayar da ita fannin ilimi mai zaman kansa shi ne B. J. Fogg na Jami'ar Stanford. Ya buɗe ɗakin bincike a kanta a ƙarshen shekarun 1990, ya fitar da littafi a 2003, sannan a 2009 ya taƙaita fahimtarsa a ƙa'ida guda: mutum ba ya aikata abu sai abubuwa uku sun haɗu a lokaci ɗaya. Ya so abin, ya kasance yana da ikon yin sa, sannan wani abu ya taɓo shi a daidai wannan lokacin. So, iko, tuni. Mai karatu ya riƙe waɗannan ukun, domin duk gardamar da ake yi a kan wannan fasaha tana komawa ne ga wanne daga cikinsu waya ke iya samarwa.

Ƙarfin dabarun ba abin musu ba ne. A 2007 Fogg ya koyar da wani aji a Stanford inda ɗalibai suka ƙera ƙananan manhajoji a kan Facebook, kuma cikin mako goma mutane miliyan 16 suka sauke su. Mike Krieger, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa Instagram, ya taɓa zama ɗalibinsa. Saboda haka tambayar da jami'o'i suka yi wa kansu ba ta da laifi: idan waɗannan dabaru suna riƙe matashi awa uku yana murza fuskar waya, me zai hana su riƙe shi rabin awa a kan darasi?

Babu inda aka gwanance da wannan kamar Duolingo, manhajar koyon harsuna da Luis von Ahn da ɗalibinsa Severin Hacker suka kafa daga Jami'ar Carnegie Mellon, aka buɗe wa jama'a a 2012. Babban makaminta shi ne sarƙar kwanaki. Kullum ka yi darasi ko guda ne, lambar da ke gefen hoton harshen wuta ta ƙaru da ɗaya. Ka tsallake rana, ta koma sifili. Ɗauki ɗalibar da ta jera kwana 200 tana koyon Faransanci. Sha ɗaya da rabi na dare ta yi, ta gaji, idonta ya cika da barci, sai waya ta yi ƙara, ga mujiyar nan koriya, alamar manhajar, tana gargaɗin cewa sarƙa na dab da tsinkewa. Za ta tashi zaune. Za ta nemo darasin da ya fi kowanne sauƙi, wanda ta riga ta haddace, ta gama shi cikin minti biyu, lamba ta koma 201, ta kwanta da kwanciyar hankali. Abin da ya tashe ta tsoron asara ne, wanda Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna tun 1979 cewa ya fi daɗin riba ƙarfi a zuciyar ɗan'adam. Ban raina wannan ba, domin wanda ke leƙa darasi kullum ya fi wanda ya watsar. Amma lambar tana ƙirga zuwa ne kawai. Ko Faransancin ya ƙaru a daren nan, ba ruwanta.

Da aka kai maki da lambobin yabo cikin ajin jami'a, sakamakon ya rabu biyu. Paul Denny na Jami'ar Auckland da ke New Zealand ya gwada su a 2013 a kan ɗalibai sama da 1,000 masu amfani da PeerWise, dandalin da ɗalibai ke rubuta wa junansu tambayoyi suna amsawa. Waɗanda aka nuna wa lambobin yabo sun fi amsa tambayoyi da yawa, sun fi yawan kwanakin shiga, ingancin amsoshinsu kuma bai ragu ba. A 2015 kuwa Michael Hanus da Jesse Fox suka buga binciken da suka yi a Amurka a kan aji biyu masu darasi iri ɗaya na tsawon mako 16, ɗaya da lambobin yabo da jerin gwanaye, ɗaya babu. Ajin da aka ƙawata da lambobin shi ne sha'awarsa ta yi ta raguwa, gamsuwarsa ta yi ƙasa, ya kuma fi samun ƙarancin maki a jarrabawar ƙarshe.

Bambancin da na gani tsakanin biyun shi ne, a Auckland lambar ado ce a kan aikin da shi kansa karatu ne, kuma ba dole. A ajin Hanus da Fox an wajabta neman ta, aka kuma jera matsayin kowa a gaban kowa. Jerin gwanaye yana yi wa mutum biyar na sama daɗi. Na 180 cikin 200 kuwa, kullum ya buɗe waya sai ta tuna masa matsayinsa, alhali shi ne wanda aka ce an kawo tsarin dominsa.

Akwai wata illa da ta fi wannan zurfi, kuma an san ta tun kafin a san wayar hannu. A 1971 Edward Deci ya buga binciken da ya yi da ɗaliban jami'a masu warware wani wasan haɗa gutsattsari mai ɗaukar hankali. Wasu ya biya su dala ɗaya a kan kowane wanda suka warware, wasu bai ba su komai ba. Da ya daina biya, ya fita ya bar su su kaɗai da wasan, waɗanda suka saba karɓar kuɗi sai suka rage taɓa shi. Lada ta mayar musu da abin sha'awa aikin ƙwadago. Daga nan ne shi da Richard Ryan, a Jami'ar Rochester, suka gina fahimtar cewa son abu don kansa yana tsiro ne idan mutum ya ji shi ya zaɓa, ya ga yana ƙara ƙwarewa, ya kuma ji akwai waɗanda suka damu da shi. Wannan ya kamata ya tsorata duk malamin da ke tunanin lulluɓe darasinsa da maki. Ɗalibar da ta shigo sashen tarihi don tana son tarihi, idan aka koya mata karatu don lamba, me zai faru ranar da ta gama jami'a, babu mai ba ta lamba?

Sai batun saƙonnin tuni, wanda ya fi komai jan hankalin shugabannin jami'o'i saboda arharsa. Philip Oreopoulos da Uros Petronijevic, masana tattalin arziki a Kanada, sun shafe shekara biyar suna gwada su a kan ɗalibai kusan 25,000 a harabobi uku na Jami'ar Toronto. Sun sa ɗalibai tsara jadawalin karatu ta intanet, sun sa su rubuta burinsu, sun yi ta aika musu saƙonnin tes na shawara da ƙarfafa gwiwa. A rahoton da suka fitar a 2019, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya ɗaga maki ta yadda za a iya nunawa. Wani abin da suka gano ya fi ba ni tausayi: ɗalibai na yin karatu awa biyar zuwa takwas ƙasa da abin da suka tsara wa kansu a mako, kuma da saƙonnin suka fahimtar da wasu irin wahalar da babban maki ke buƙata, ba karatun suka ƙara ba, burin suka rage. Abu guda ya yi aiki sosai a gwaje-gwajensu na farko, wato haɗa sabon ɗalibi da wani na gaba da shi da ke kula da mutum huɗu ko biyar kacal, yana nemansu, yana tambayarsu, yana bibiya. Wannan ya ɗaga maki. Sai dai yana da tsada, shi ya sa aka so waya ta maye gurbinsa, ita kuma ta kasa.

Haka labarin yake a darussan intanet na kyauta. René Kizilcec da abokan aikinsa sun gwada irin waɗannan dabaru a kan mutum kusan 250,000 a darussa 247 na Harvard da MIT da Stanford, suka buga a 2020 cewa tasirin da aka gani a ƙananan gwaje-gwaje ya ragu kusan ninki goma da aka faɗaɗa shi. Dama a zangon 2017 zuwa 2018, kashi 3 cikin 100 ne kacal na masu rajista a darussan Harvard da MIT ke kammalawa.

Ko inda aka yi shelar nasara, yana da kyau a duba lissafin. Jami'ar Purdue ta fara wani tsari a 2007 mai suna Course Signals, wanda ke nuna wa ɗalibi fitila irin ta danja: kore kana lafiya, ruwan ɗorawa ka yi hattara, ja kana cikin haɗari. Jami'ar ta ce ɗaliban da suka ɗauki darussa biyu ko fiye masu wannan fitila sun fi sauran tsayawa a makaranta da kusan kashi 21 cikin 100, kuma labarin ya zaga duniya. A 2013 Michael Caulfield ya lura da wani abu mai sauƙi: wanda ya daɗe a jami'a dole ya fi ɗaukar darussa da yawa, har da masu fitilar, wanda ya fita da wuri bai ma samu damar ɗaukar biyu ba. Ke nan tsayawar ce ta haifar da yawan fitilu. Alfred Essa ya kwaikwayi lissafin a kwamfuta, ya sa rabon cakulan a gurbin fitila, sai ga cakulan ma ya "hana" ɗalibai barin makaranta da irin wannan adadi. Duk kamfanin da ya zo wa jami'a da alƙaluman nasara, tambayar farko da za a yi masa ita ce: da wa aka kwatanta, kuma ta yaya aka raba su?

To ina fasahar ke da amfani na gaskiya? A wuri biyu, gwargwadon abin da bincike ya nuna.

Na farko shi ne idan ta tura ɗalibi ga ƙaramin aiki takamaimai wanda shi kansa yake koyarwa. Damon Clark da abokan aikinsa sun gwada ɗalibai kusan 4,000 a wata jami'ar gwamnati a Amurka. Waɗanda aka ce su ɗaura niyyar makin da suke so su samu, ba wani canji da aka gani. Waɗanda aka ce su faɗi jarrabawar gwaji nawa za su yi ta intanet kafin ta gaske, sun yi gwaje-gwaje da yawa, makinsu kuma ya ɗaga. "Ina son A" fata ne, "zan yi tsoffin takardun jarrabawa huɗu kafin Juma'a" aiki ne da hannu zai iya kamawa. Dalilin da ya sa gwajin kai ke aiki kuwa Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna shi a 2006. Sun ba ɗalibai wani rubutu, wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta sau ɗaya sannan suka rufe suka yi ta ƙoƙarin tuno shi. Bayan mako guda masu tunowa sun riƙe kashi 61 cikin 100, masu maimaita karatu kashi 40, alhali masu maimaitawar su ne suka fi amincewa da kansu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san yadda ake hadda a ƙasar Hausa. Mahaddaci ba ya tsayawa ga kallon allo. Yana kifa shi ya biya da ka, malam ko abokin karatu na saurare yana gyara masa, sannan ya riƙa komawa baya yana tilawa don kada na da ya zube. Manhajoji irin su Anki, da ɗaliban likitanci suka riƙe hannu biyu, wannan aikin suke yi: su ɓoye amsa, su tambaye ka, su sake dawo da tambayar a daidai lokacin da ka kusa mantawa. A nan tuni na waya yana da ma'ana, domin abin da take kiran ka gare shi karatu ne na gaske.

Wuri na biyu shi ne idan na'ura ta zama mai kai rahoto ga ɗan'adam. Jami'ar Jihar Georgia da ke birnin Atlanta, wadda yawancin ɗalibanta 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, ita ce misalin da ake yawan kawowa. A 2012 ta tattara bayanan shekara goma na ɗalibanta, ta fitar da alamomin haɗari kusan 800, irin su ɗalibi ya yi rajistar darasin da ba na fanninsa ba, ko ya samu maki mai rauni a darasin da ke tushen kwas ɗinsa. Amma faɗakarwar ba ga wayar ɗalibi kaɗai take tsayawa ba. Tana zuwa teburin mai ba shi shawara, wanda aka ɗora wa neman sa cikin awa 48, kuma sai da jami'ar ta ɗauki sababbin masu ba da shawara 42 don wannan aiki. Tun 2011 ta kuma ware ƙaramin tallafi da take biya wa ɗalibin da za a cire daga rajista saboda ragowar kuɗin makaranta kaɗan. A 2016 ta kawo Pounce, manhajar hira da ke amsa tambayoyin sababbin ɗalibai dare da rana kan takardu da rajista, wadda ta rage yawan waɗanda ke samun gurbi amma su kasa zuwa da kusan kashi 21 cikin 100. Masu kammala digiri a jami'ar sun tashi daga kashi 32 cikin 100 a 2003 zuwa sama da rabi. Masu sayar da manhaja sukan ba da wannan labari su tsallake ma'aikata 42 da kuɗin tallafin. A ganina su ne ƙashin bayan labarin. Ko Pounce ɗin ba son karatu ta dasa wa kowa ba, cikas ta kawar wa wanda dama yana so.

Bayanan da ake ceto ɗalibi da su, da su kuma ake iya cutar da shi. A 2016 shugaban Jami'ar Mount St. Mary's a jihar Maryland ya yi murabus bayan da ta fito fili cewa ya so a yi amfani da wata takardar tambayoyi da sababbin ɗalibai suka cike don a gano raunana a sallame su da wuri, alƙaluman jami'ar su yi kyau. A ƙarshen 2019 jaridar Washington Post ta ruwaito cewa jami'o'i kusan 40 a Amurka na amfani da wata manhaja mai suna SpotterEDU, wadda ke gane shigar ɗalibi aji ta wayarsa. Da zarar ɗalibi ba shi da damar cewa a'a, an bar jan ra'ayi an shiga sa ido. Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, kuma ya kamata ƙungiyoyin ɗalibai su san ta kafin wata jami'a ta ɗora musu irin wannan tsari: wa ke ganin jar fitilata, har yaushe za a ajiye ta, kuma ina zan kai ƙara idan na'ura ta yi mini ƙazafi?

Wannan ya kawo mu gida, inda nake ganin ana shirin yin kuskuren gano cuta. Cikin ukun nan na Fogg, wanda ya fi ƙaranci a jami'o'inmu iko ne. Wanda ya shiga ɗakin lakca a Kano ko Zariya ko Sakkwato da ƙarfe biyun dare ana saura mako guda jarrabawa, ya ga ɗalibai sun cika benci, wasu da fitilar waya a kan handawut, wasu sun kewaye soket ɗaya suna jiran layin caji, ba zai ce waɗannan yara ba sa son karatu ba. Tsoron keri-oba kaɗai ya fi kowace mujiya iya tashin mutum. Abin da ke karya su daban ne. A 2022 yajin aikin ASUU ya rufe jami'o'in gwamnati daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, bayan na 2020 da ya ci wata tara. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Ɗalibin da ke zaɓa tsakanin sayen data da cin abincin rana, idan sarƙar kwanakinsa ta tsinke don an ɗauke wuta kwana biyu, manhajar hukunta shi take yi a kan laifin da ba nasa ba. Jerin gwanaye kuma a irin wannan yanayi zai riƙa jera masu janareto a gida ne a sama.

Amma akwai abin ɗauka, kuma ba ya buƙatar kwangilar miliyoyi. Matsalar da Skinner ya gani a 1953 tana nan daram a wurinmu: ɗalibi a aji mai mutum ɗari biyar yakan rubuta tes, bai san abin da ya ci ba sai zango ya kusa ƙarewa, wani lokaci ma sai an kafe sakamako. Kusan kowane aji yana da zaurensa na WhatsApp da wakilin aji ke riƙe da shi. Malami zai iya tura tambayoyi biyar duk ranar Alhamis a kan abin da aka koyar makon jiya da na watan jiya, cikin rubutu zalla da ba ya cin data, ya saki amsoshin da bayaninsu washegari, ba tare da maki ba kuma ba tare da jera sunaye ba. Wanda ya yi shiru mako uku a jere, sunansa ya je wurin malamin da ke kula da ajin, wanda ɗalibai ke kira lebul kodineta, ya kira shi ofis ya ce, "Zauna. Lafiya kuwa? Me ke faruwa?" Sau da yawa amsar ba za ta shafi karatu ba. Za ta kasance kuɗin rajista ne, ko rashin lafiyar mahaifiya, ko kwas ɗin da aka ba shi ba shi ya nema ba.

Nan ne wahalar take, domin lebul kodineta guda yakan riƙe ɗaruruwan ɗalibai a kan nasa lakcocin da makin jarrabawa da duba kundin masu kammalawa, kuma wannan ɗawainiya ba ta da nauyin da takardun bincike ke da shi idan an zo ƙarin girma. Abin da Toronto ta gano yana da amfani a nan: ɗaliban aji uku da aji huɗu za su iya ɗaukar wani kaso na aikin, kowanne da ƙannensa biyar na aji ɗaya, idan sashe ya horar da su, ya ba su ɗan alawus ko rangwamen kuɗin makaranta, ya kuma sa malami guda yana zama da su duk mako biyu don jin waɗanda matsalarsu ta fi ƙarfin ɗalibi.